Filin Tambaya da Amsa: Mai Binciken Sauro Ya Amsa Wasiƙunku

Tun da na ambata a wannan fili cewa a kan sauro na ƙarar da ƙuruciyata, kuma har yau shi nake bincike, wasiƙu suka sauya salo. Wasu na tambaya da gaske, wasu da zolaya, har wani ya rubuto cewa shi bai taɓa jin an ba mutum digirin digirgir a kan abin da ake kashewa da tafi ba. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa. Masu tambayar wane magani za su sha da yawan da za su sha, ku yi haƙuri, wannan hurumin likita ne. Ni sauron nake dubawa, ba majiyyacin ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na digirin farko, fannin nazarin halittu. Ina sha'awar bincike a kan zazzaɓin cizon sauro, amma ana ta ce mini sai wanda ya karanta likitanci. Gaskiya ne? Kuma mene ne ainihin abin da kuke yi daga safe zuwa dare?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Masu ce miki sai likita ba su leƙa cikin aikin ba. Paul Müller, wanda ya gano a 1939 cewa DDT na kashe ƙwari, masanin sinadarai ne. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta jagoranci tsamo sinadarin atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga wani nau'in tazargade a farkon shekarun 1970, harhaɗa magunguna ta karanta, ba ta da digirin likita, ba ta da na digirgir, amma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Fannin da kike ciki ma shi ne ƙofar da yawancinmu muka bi.

Kin ce daga safe zuwa dare. To, mu daga dare zuwa safe ne. Aikin da na fara da shi, wanda har yanzu ba a sami abin da ya maye gurbinsa sarai ba, shi ne mutum ya zauna a kan kujera ya naɗe wando zuwa gwiwa, tocila a hannu, bututun roba a baki. Da sauro ya sauka a ƙafa, kafin ya soka baki, sai ka haska ka zuƙe shi cikin bututun, akwai 'yar raga a tsakiya da ke hana shi wucewa maƙogwaro, sannan ka hura shi cikin kofin takarda da aka rufe bakinsa da raga. Kowace awa da kofinta, tun daga ƙarfe 6 na yamma har 6 na safe, wani a cikin ɗaki, wani a waje, ana karɓa-karɓa. Ba a yin sa sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ana ba masu zaman maganin kariya. Waɗannan kofuna su ke gaya mana ƙarfe nawa sauro ke cizo da kuma a ina. In ka ga kofin ƙarfe 7 na waje ya fara cika fiye da na ƙarfe 2 na cikin ɗaki, to ka san gidan sauro kaɗai ba zai wadatar a wannan wuri ba.

Da gari ya waye sai tantancewa. Nau'in sauro a duniya ya kai kusan 3,500, amma masu yaɗa wannan zazzaɓi duk 'yan dangi ɗaya ne, Anofilis, kuma a cikinsu ma 30 zuwa 40 ne kawai ke da muhimmanci. Anofilis in ya sauka a bango yana ɗaga bayansa sama, kansa ƙasa, fukafukinsa da ɗigo-ɗigo. Mai yi miki kuka a kunne, wanda ke fitowa daga kwata, galibi ba shi ba ne. Mace ce kaɗai ke shan jini, don ƙwanta ya nuna. Daga nan sai a ɗora ta a kan gilashi a ɗigon ruwan gishiri, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, allura a kowane hannu. Ɗaya ta danne ƙirji, ɗaya ta ja kai a hankali, sai jakar yawunta ta biyo. In tana ɗauke da cutar za ki ga ƙwayoyin sun watsu a ruwan kamar guntayen zare. A wurare da yawa, cikin 100 da za ki feɗe, 1 zuwa 5 ne za ki samu da su. Sauran duk babu, kuma dole ki rubuta babu ɗin nan da natsuwar da za ki rubuta akwai. A nan na ga ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa sun gaji sun tafi.

Akwai kuma kiwo. E, muna kiwon sauro, a ɗaki mai zafin digiri 27 da danshi kusan kashi 80 cikin 100. Ba ya sanin hutun mako. Wuta ta ɗauke kwana biyu, aikin watanni ya mutu a keji.

Abin da zan ce ki riƙe da hannu biyu shi ne lissafin ƙididdiga. Kama sauro kowa zai koya a wata guda, amma sanin ko bambancin da kika gani tsakanin ƙauye biyu na gaske ne ko dace ne, wannan shi ke raba mai bincike da mai tara kofuna. Ki koyi gwajin ƙwayoyin gado, domin Anofilis gambiye da koluzi da arabiyensis kamanninsu ɗaya a ido, halinsu kuwa daban. Ki kuma koyi rubutu, don kuɗin bincike gasa ake yi a kansa, kuma takardun neman da ake ƙi sun fi waɗanda ake karɓa yawa nesa ba kusa ba. In za ki nemi digiri na biyu, ki fi duba wa zai kula da aikinki da kuma ko yana fita fili, kafin ki duba sunan makaranta. Cibiyoyin da suka yi suna a wannan fanni da yawansu a Afirka suke: Ifakara a Tanzaniya, cibiyar binciken lafiya ta Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, ta Bamako wadda marigayi Ogobara Doumbo ya yi wa hidima har rasuwarsa a 2018, da ta Gambiya, wadda Brian Greenwood ya jagoranta daga 1980 bayan shekarun da ya yi yana aiki a Zariya. Batun kasancewarki mace kuwa, Janet Hemingway, wadda turjiyar sauro ga magani ce fanninta, ta shugabanci makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool daga 2001 zuwa 2019.

Tambaya: Dokta, ni magidanci ne mai 'ya'ya ƙanana. Da ido na ga sauro zaune a jikin sabon gidan sauronmu mai magani, ko gezau bai yi ba. Anya ba yaudararmu ake yi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka bai yi maka ƙarya ba, amma kada ka naɗe gidan sauron. Bari in gaya maka yadda muke auna abin da ka gani.

Akwai gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Mukan ɗebo tsutsar sauro daga kududdufi mu rene ta, sai mu zaɓi mata 'yan kwana 3 zuwa 5 da ba su taɓa shan jini ba, 20 zuwa 25 a kowane bututu da aka shimfiɗa wa takarda mai magani a ciki. Awa ɗaya suke yi, sannan a mayar da su bututu mai tsabta a ba su ruwan sukari, a ƙirga matattu bayan awa 24. In kashi 98 zuwa 100 suka mutu, magani na aiki. In bai kai 90 ba, turjiya ta tabbata. A gefe guda muna gwada wani iri da aka samo asali daga Kisumu ta Kenya, wanda ake kiwonsa shekara da shekaru ba tare da ya haɗu da magani ba. Shi zai zube gaba ɗaya. Na kududdufi kuwa, na sha buɗe bututu washegari in tarar da fiye da rabinsu suna shawagi.

Dalili shi ne na tsawon shekaru dangin sinadari ɗaya ne, fairitiroid, ake sa wa gidajen sauro, kuma manoma ma irinsa suke fesa wa amfanin gona, ruwan ya gangara inda tsutsa take. Duk sauron da aka haifa da 'yar juriya shi ke tsira ya hayayyafa. Wasu sauyi ne ya faru a jijiyarsu inda maganin ke kamawa, wasu kuma jikinsu na fitar da sinadaran da ke narkar da gubar kafin ta yi aiki. Shi ya sa aka fito da gidan sauro mai ƙarin wani sinadari da ake kira PBO, wanda ba kisa yake yi ba, toshe wa sauron hanyar narkar da gubar yake yi. Aka kuma fito da mai kulofenafir, wanda ke lalata yadda jikin ƙwaron ke samar da kuzari, kuma hukumar ta amince da shi a 2023 bayan gwaje-gwaje a Tanzaniya da Benin. Shi wannan a hankali yake kisa, sauro na iya tashi lafiya lau ya mutu bayan kwana biyu ko uku.

Ko da maganin ya yi rauni, raga raga ce. Sauron da ke zaune a waje bai ciji ɗanka ba. Ƙiyasin da aka wallafa a 2015 ya nuna an kauce wa kamuwa miliyan 663 a Afirka daga 2000 zuwa 2015, kuma kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne. Ka ɗinke ɓula, ka cusa gefensa ƙarƙashin katifa, kada a shanya shi a rana. In an zo rabo, ka tambayi wane iri aka kawo, haƙƙinka ne ka sani.

Tambaya: Malam, me ya sa sauro ya fi cizona a kan maigidana, alhali ɗaki ɗaya muke kwana?

Amsa: Hajiya, ba tunaninki ba ne. Numfashin da muke fitarwa shi ke jawo macen sauro daga nesa, in ta matso sai warin fata da ɗumin jiki su zaɓar mata wanda za ta sauka a kansa, kuma warin fatar kowa daban ne. Gambiye ta fi son ƙafa, har safar da aka yini da ita mukan rataya a tarko. An kuma nuna a Gambiya cewa mai juna biyu na jawo sauro kusan ninki biyu na wadda ba ta da shi. In kina cikin wannan hali, ke ya kamata ki fara shiga raga.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni dattijo ne, na ga zamanin da ma'aikata ke bi gida-gida suna feshi. Me ya hana gwamnatoci su haɗa kai a yi feshi ɗaya mai ƙarfi a huta? Ku masu bincike kamar ba ku son abin ya ƙare.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. An gwada abin da ka faɗa, kuma da gaske aka gwada. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga doron ƙasa, da DDT da maganin kulorokwin. Ya yi nasara a kudancin Turai da wasu wurare, amma yawancin Afirka kudu da Sahara ba a ma shigar da ita sosai ba, kuma a 1969 aka janye burin.

A wannan shekarar ce aka fara aikin Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, tsakanin hukumar da gwamnatin Najeriya, har zuwa 1976. Tambayarka ce suka je amsawa: in aka yi feshi yadda ya kamata, ba ha'inci ba ƙwange, a yankin da cutar ta yi katutu, za ta yanke? Damina biyu, 1972 da 1973, aka fesa ɗakuna da maganin ƙwari mai suna furofoksa, a wasu ƙauyukan aka haɗa da ba kowa magani. Feshin ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cutar da kusan kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ƙwayar a jini kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya ragu. Inda aka haɗa da magani abin ya yi ƙasa ƙwarai, sai dai bai yanke ba, kuma da aka daina ya dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya sha jini, waje yake fita. Duk ɗalibin da ya zo hannuna sai na sa shi ya karanta rahoton da aka fitar a 1980, domin a ganina ba a yi wani aikin fili da ya fi shi gaya wa masu shi gaskiyar da ba su so ji ba.

Ga kuma abin da mutane ba su cika sani ba: ba ƙarar da sauro muke nema ba. Ƙwayar cutar tana buƙatar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta isa jakar yawu, kuma yawancin sauro ba ya kai wannan kwanaki a daji. Tsohuwar sauro ce mai kisa. George Macdonald ya nuna da lissafi a shekarun 1950 cewa rage mata tsawon kwana ya fi rage yawanta tasiri. Shi ya sa muke feɗe jakar ƙwai mu busar a gilashi: in siraran jijiyoyin iska na jikinta a dunƙule suke, ba ta taɓa yin ƙwai ba, in a warware suke, ta yi. Bayan feshi mai kyau, sai ka ga tsofaffin sun yi ƙaranci ko da yawan sauron bai sauka sosai ba.

Zancen ba ma son abin ya ƙare kuwa, Baba, a 2023 mutum kusan 597,000 cutar ta kashe a duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Aljeriya, inda Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar a jinin mutum a 1880, an tabbatar ta rabu da ita a 2019, Sin a 2021, Masar a 2024. Ba wanda ya yi kukan rasa aiki.

Tambaya: Malam, ina sauro ke zuwa da rani, har da saukar ruwan farko ya dawo?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da na fi so a wannan watan. Ƙwan Anofilis ba ya jure bushewa na dogon lokaci, babbar kuma 'yan makonni take yi, amma a Sahel ana yin wata shida ko bakwai ba ruwa a ƙasa. Masu bincike a Mali, tare da Tovi Lehmann na Amurka, sun shafa wa dubban sauro alama a ƙarshen damina suka sake su. Bayan wata bakwai suka kama mace ɗaya tal da alamar a jikinta. Guda ɗaya, amma ta isa hujjar cewa koluzi na iya lafewa ta ƙetare rani. Su ne kuma suka ɗaura raga mai danƙo a jikin balan-balan suka ɗaga ta tsakanin mita 40 zuwa 290 sama da dare, suka kamo Anofilis iri 10, galibi mata da suka riga suka sha jini. Sakamakon da suka fitar a 2019 ya nuna iska na iya kai su kilomita ɗaruruwa a dare ɗaya. Wato wasu lafewa suke yi, wasu ƙaura. Wanda ya gano maɓoyar masu lafewar, ya sami lokacin da suka fi ƙaranci kuma suka fi sauƙin kaiwa hari.

Tambaya: Dokta, ana yaɗa cewa Turawa sun ƙera sauro suna saki a Afirka. Mene ne gaskiyar?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai gaskiya a ciki, akwai ƙari. A 2018 masu bincike a kwalejin Imperial ta Landan suka sauya wata ƙwayar gado da ke tantance jinsi a gambiye, ta yadda macen da ta gaji sauyin daga uwa da uba ba ta iya cizo ba ta iya ƙwai, kuma sauyin na bin kusan duk 'ya'ya maimakon rabi. A keji, zuriyar ta ƙare cikin haihuwa 7 zuwa 11. A keji fa na ce. Abin da aka saki a ƙauyen Bana na Burkina Faso a Yulin 2019, ƙarƙashin jagorancin Abdoulaye Diabaté, ɗan ƙasar, maza ne kusan 6,400 da aka sauya su ba sa haihuwa, ba masu yaɗa sauyin ba, kuma namiji ba ya cizo. A Agustan 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da aikin.

Ra'ayina: ina son a ci gaba da binciken, domin turjiya na cinye makamanmu. Amma abin da aka ƙera don ya yaɗu da kansa ba ya tsayawa a kan iyakar ƙasa, kuma ba a iya kiransa ya dawo. Mai tambayar wa ya ba da izini, kuma wa zai ɗauki alhaki, ba jahili ba ne, kuma ba na son jin abokan aikina na amsa masa kamar jahili.

Tambaya: Malam, tunda allurar rigakafi ta fito, ba shi ke nan aikinku ya ƙare ba?

Amsa: Ina fa, ɗana. An amince da allurar RTS,S a 2021, ta R21 a 2023, kuma Najeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. A kai yara, a cika allurai huɗu. Amma kariyarsu ba cikakkiya ba ce, an tsara su ne su tafi tare da gidan sauro da maganin damina da ake ba yara wata-wata.

Kuma ga baƙo ya shigo. Anofilis sitifensi ɗan kudancin Asiya ne da yankin Larabawa. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, lokacin ƙasar na dab da rabuwa da cutar, cikin 'yan shekaru masu kamuwa suka koma dubun-dubata. Ya ɓulla a Habasha da Sudan, aka same shi a Gombe a 2020, sai Ghana da Kenya a 2022. Shi ba ya jiran damina ko kududdufi. Tankin ruwa, rijiyar siminti a wurin gini, durom da aka bari a buɗe, nan yake ƙwai, a tsakiyar birni. Yana hutawa a garken dabbobi, inda feshin ɗaki ba ya kaiwa, kuma ya iso da turjiyarsa ga magunguna da dama. Ɗalibaina yanzu rabin lokacinsu a wuraren gini suke yi, da ludayin ɗibar tsutsa, suna roƙon masu gadi a buɗe musu tanki. In sun ƙwanƙwasa ƙofarku, a taimaka a bar su su leƙa, kuma kafin su zo a samo wa tankin murfi.